Maganin Yaya Nomau da Ɓerayen Zariya

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A kasuwar Gazawa, a tasha, har wurin gaisuwar mutuwa sai wani ya ja ni gefe ya ce, Isuhu, yaya Zariya, wai da gaske ɓera ke yanke shari'a a can? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ji sai ya tafi ya ƙara nasa a kai. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa. Kada a duba kyan rubutu, aji biyar na yi a lakol aka sallame ni.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni, don ba yawon buɗe ido na je ba. Ubanmu mai magani ne, kuma mu biyu ne maza. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakol, ya dube mu, ya riƙe yayana Nomau, ya miƙa ni. Nomau ya gaji saiwa da sassaƙe, ni na samu bulala da rabin Faransanci. Ban san komai ba cikin aikin gidanmu sai ɗanɗano, don an sha ɗura mini ina ƙarami.

Abin da aka fi sanin gidanmu da shi maganin zawo ne. Kowa ya san yadda shekarar nan ta zo. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone, mutane suka koma ga anza da ganye da dussa. Anza tana son jiƙo na kwanaki, ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ruwan kuma babu, sai a ci ta da sauran ɗacinta. Zawo ya shiga gari. Yaya Nomau ya yi ta dafawa yana bayarwa, kuma kamar yadda Baba ke yi, shi ke fara kurɓa a gaban mai karɓa.

Cikin makiyayan da suka gangaro daga arewa da ragowar shanunsu akwai wani mai suna Jabbi. Matarsa Dije ta sha maganin da hantsi, da la'asar harshenta ya karye, washegari aka rufe ta. Kafin ita an yi wani tsoho a rugar, shi ma haka ya tafi. Jabbi ya je gaban mai gari ya ce jandarma yake so. Mai gari ba ya son jandarma a garinsa, don in sun zo sai an ciyar da su. Ya aika Agiye aka tambayi majo, babban ma'aikacin gidan likita. Majo ya ce shi ba zai iya rantsuwa ko guba ce ko yunwa ba, amma ya san wata malama a wata babbar makaranta a Zariya, aikinta ke nan, gwada itatuwan magani. Aka yanke cewa Yaya ya dakata da bayarwa, a kai maganin a gwada. In guba ce a miƙa shi ga jandarma, in ba ita ba ce Jabbi ya yi haƙuri. Da aka zo kan wanda zai kai, kowa ya juyo ya dube ni. Ranar ce kaɗai lakol ɗina ya yi wa wani amfani.

Yaya ya ba ni ƙulli uku na gari a tsumma, ya ce a haɗa su daidai wa daida a tafasa. Bai ce mini Allah ya kiyaye hanya ba.

Daga garinmu na hau amalanken jaki. Ba mu yi nisa ba jakin ya zauna. Mai shi ya buge shi, ya roƙe shi, ya ja masa kunne, jaki dai ya dube mu. Muka sauka muka tura amalanken da hannu har bakin kwalta. A Agiye na tarar da layin jar dawar taimako ya zagaye buro, ofishin hukuma, ya dawo, mata zaune kan ƙoransu. Majo ya rubuta mini takarda da Faransanci. Na ce masa a can ba su jin wannan yaren. Ya buga hatimi biyu ya ce hatimi ba ya buƙatar tafinta.

Daga nan na samu kamyo, babbar mota mai ɗauke da fatu. Fata ce kaɗai abin da ƙasar ta samu da yawa bana. Na zauna a kansu har Cadawa, warin ya shiga rigata bai fita ba sai bayan mako. A Cadawa nama ya fi gero araha, don ana yanka shanun kafin su faɗi da kansu. Na ci, nama ba mai ko ɗigo, kana tauna kamar igiyar guga. Wata tsohuwa kusa da ni tana sayar da ƙyauren ɗakinta. Na tambaye ta da me za ta rufe ɗakin. Ta ce me ya rage a ciki da zan rufe.

Na ratse Sae Sabuwa saboda mijin ƙanwata, Mahaman. Iyaka a rufe take, shi kuma ya san hanyoyin daji, don yana shiga da jakuna ya sayo garin rogo. Bagobiri ne mai baki, tun aurensu yake kirana Mushe don ya san na ƙi jinin sunan. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai da ya riƙe ciki.

"Mushe, ɓerayen gidana sun yi hijira tun watan jiya, ba abin da za su ci. Da sun tsaya, ai da mun gwada nan mun hutar da kai."

Ƙanwata ba ta yi dariya ba. Ta dama mana kunun dussa, ta ce in tuna Yaya shi ne ubanmu yanzu. Na ce ban manta ba.

Kwana biyu muka yi muna tafiya, mu da jakuna huɗu. Muka kewaye Maraɗi, muka bi busasshen gulbi ta kudancin Madarunfa. Na zaci iyaka wani abu ce da ake gani. Ba komai, gona ce ƙonanniya a nan, gona ƙonanniya a can. Sai da rana ta take muka ga sojoji uku a gindin itace, Mahaman ya ce to Mushe, ka shigo Najeriya. Sun san shi, ba su ko dube shi ba. Ni aka kwance wa kaya. Babbansu ya jujjuya takardar majo, ya riƙe ta kai ƙasa, ya mayar mini. Ƙullin nan uku ne suka tsaya masa a rai. Ya ce kayan maye ne. Na ce maganin zawo ne. Ya ce in magani ne in sha a gabansa.

Ya ɗebi kowanne ya zuba a gwangwani, ya tsiyaya ruwa, ya gauraya da tsinke. Na shanye. Suka zaunar da ni har rana ta karkata suna jira in fara tangaɗi. Da suka ga ba abin kallo suka kore mu.

A wannan zaman ne wani abu ya dame ni. Maganin gidanmu in ka sha, harshenka yakan yi nauyi, ya mutu a bakinka kamar na aro, sai ka yi rabin yini kafin ka ji gishiri. Na sha shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wannan kuwa bauri ne kawai da ɗan ɗaci. Na yi ta lasar baki ina jira, harshena lafiya lau. Na ce wa kaina ai ba a tafasa ba. Na ce wataƙila harshen ne ya tsufa. Ban gaya wa Mahaman ba. A Jibiya muka rabu, na shiga mota zuwa Katsina, daga nan Zariya.

Na sauka gidan wani tsohon mahauci ɗan Maraɗi, wanda ya yi shekaru a can. Zaurensa cike da mutanenmu, wasu daga Dakoro, wasu daga Mayahi, kowa na neman dako ko gadi. In an ji ƙarar mota a ƙofa sai hira ta mutu, don ana kama baƙi. Mutanen garin Hausa suke ji kamar mu, amma da na buɗe baki sai su ce ɗan Faransa. Na tambayi hanyar lakol, wani ya ce ba a sayar da shi a nan. Su ma suna kukan tsada, suna cewa ba su taɓa ganin shekara irin wannan ba. Na ga mace ta watsar da ruwan wanke-wanke a titi da rana tsaka, na ga an zuba wa akuya ƙanzo. Tuwonsu na masara ne, fari tas, kana tashi ya bar cikinka. Furarsu ruwa ce. Amma sau biyu ake ci a yini, kuma cikina da ya manta da haka sai da ya yi mini gardama kwana uku.

Makarantar gari ce guda. Mai gadi ya hana ni shiga kwana biyu saboda ba ya jin takardar. A rana ta uku na zauna a ƙofa na ce ba inda za ni, sai wani ya kai ni. Malamar ba ta kai ƙanwata shekaru ba, da farar riga kan zanenta. Ta nemo wanda ya fassara mata takardar, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Wannan sabon abu ne a wurina daga mai ilimi.

Ta tambayi sunayen itatuwan. Biyu na gane da ƙamshi, sabara da marke. Na ukun ita ta gane shi, ta ce bagaruwa ce. Ta tambaya ko akwai ragowar abin da matar ta sha a tukunya. Na ce an goge tukunyar da rairayi tuntuni. Sai ta dube ni ta ce, "Malam Isuhu, wannan shi ne duka maganin?"

Na ce shi aka ba ni. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi.

Ga yadda suke aikin, ga masu tambaya. Sun haɗa garin sun tafasa yadda Yaya ya ce, suka tace, suka ƙafar da ruwan har ya zama kamar ƙaro. Sannan aka shiga da ni ɗakin ɓerayen. Farare ne masu jan ido, cikin akwatunan ƙarfe, an shimfiɗa musu garin katako. Kowanne ana ɗora shi a sikeli, a yi masa alama a wutsiya. Aka raba su kashi-kashi. Waɗansu aka ba su kaɗan, waɗansu da yawa, waɗansu abin da ya wuce hankali, waɗansu kuma ruwa zalla don a ga bambanci. Da ƴar siririyar roba ake zura musu ta baki. Ranar farko ba a ɗauke ido daga kansu, ana duban wanda ya kwanta, wanda gashinsa ya tashi, wanda numfashinsa ya sauya. Bayan nan mako biyu ana dubawa ana rubutawa.

Na gaya mata a wurinmu mai magani ne ke fara sha, shi ne gwajin. Ta ce mutumin da ya yi shekara talatin yana kurɓar abu ba ma'auni ba ne, jikinsa ya saba. Kuma shi a ƙoshe yake sha, mai zawo kuwa ba komai a cikinsa. Na tambayi abin da ake ba ɓerayen. Ta nuna mini buhu, wasu ƴan dunƙule na masara da ƙuli-ƙuli da garin kifi. Da ta juya na jefa ɗaya a baki. Ya fi duk abin da aka ci a gidana tun bara. Akwai mutum guda da aikinsa kawai ya sauya musu ruwa kullum safe.

Mako biyu ina zuwa ina zama a kan benci. Ba wanda ya mutu. Na wutsiya mai layi biyu, wanda ya sha mafi yawa, ya yi kwana ɗaya ba kashi, shi ke nan. A ƙarshe aka yanka su aka duba hanta da ƙoda, ta ce ba abin da ya taɓa su. Ta buga takarda da Turancin Ingilishi ta sa hannu. Da za ta ba ni ta riƙe gefen takardar ba ta saki ba, ta ce in sani takardar nan tana magana ne kan abin da na kawo kaɗai, kuma cewa ta yi bai kashe ɓera ba, ba ta ce yana warkarwa ba. Na ce na ji.

Dawowa ba labari. Na bi masu garin rogo ta Ɗankama, hanyar ta fi kusa da mu, ba wanda ya tsayar da ni. Na iso da azahar. Ban shiga gidana ba, na wuce wurin Yaya. Yana zaune a inuwar rumbun da ba komai a ciki. Ya tambayi abin da takarda ta ce. Na ce ta ce lafiya. Ya yi hamdala, ya miƙo hannu. Ban ba shi ba.

"Yaya, na sha abin da ka ba ni a iyaka. Harshena bai mutu ba."

Ya janye hannunsa. Can ya ce ai mahaɗi ba a ba da shi, ni ma na san haka. Uku na kowa ne, duk tsohuwar da ke garin nan ta san su. Na huɗun shi ne na gidanmu, Baba ya kai Yaya daji su biyu ya nuna masa, ya sa shi ya rantse.

"Kai da kake ɗansa bai gaya maka ba. Ni zan ƙulle shi a tsumma in aika wa ɓeran Zariya?"

Na ce to me ya sa ya bari na yi tafiyar. Ya ce mai gari ne ya aike ni, ba shi ba. Kuma a ganinsa bai yi ha'inci ba, don ko Baba ne haka zai yi. Ya ce ya sha a gaban Dije, ga shi zaune. Na ce shi ya ci abinci ranar, ita kwana nawa rabonta da shi. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Ya ce in kai takarda in faɗi abin da ke ciki, kada in ƙara kada in rage, ba abin da ya roƙe ni sai wannan.

Washegari da hantsi aka taru a zauren mai gari. Ba mai jin Ingilishi a garin, har ni, don haka abin da na faɗa shi ne takardar. Jabbi ya zo, ya rame fiye da yadda na bar shi, saniya biyu suka rage masa. Na faɗi yadda aka yi, na ce ɓera ko ɗaya bai mutu ba. Mai gari ya sauke numfashi, mutane suka fara gyara zama za su tashi. Jabbi bai motsa ba. Hausarsa ba ta da yawa, a hankali yake jera ta.

"Ɓera ya sha abin da Dije ya sha?"

Da bai tambaya ba, ban san abin da zan yi ba. Ba zan yi wa kaina kirari ba. Amma ya tambaya, kuma ni yake kallo. Na ce a'a. Na ce uku aka gwada, maganin huɗu ne.

Wani dattijo ya ce ai kowa ya san mai magani ba ya ba da mahaɗi, wane ne ya zaci zai bayar. Na ce to da an faɗa tun farko, da ban hau fatu ba. Mai gari ya daɗe yana murza carbi. Har yanzu ba ya son jandarma, kuma ba shaidar da zai ba su. Ya ce wa Yaya ya zaɓi ɗaya. Ko ya fito da na huɗun a mayar Zariya, in ɓera ya rayu ya ci gaba da aikinsa da mutuncinsa. Ko kuwa ya ajiye ba da magani har abada, ranar da aka ji ya dafa wa wani, shi mai gari da kansa zai kai shi Agiye.

Na zaci zai nemi kwana biyu ya yi tunani. Ko numfashi bai ja ba ya ce ya ajiye. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita.

Jabbi ya tsaya a ƙofa ya ce mini, ke nan har yanzu bai san abin da ya kashe matarsa ba. Na ce ni ma ban sani ba. Mai yiwuwa na huɗun ne, mai yiwuwa yunwa ce, mai yiwuwa su biyun suka taru. Bayan kwana uku ya kora shanunsa ya yi kudu.

Yaya bai sake yi mini magana ba. In mun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu. Ƙanwata ta aiko daga Sae Sabuwa cewa na kashe gidan ubanmu. Mutanen gari ma ni suke zagi, don zawo bai bar garin ba, Agiye da nisa, jakuna ba ƙarfi. Masu zagin nawa da rana su ne ke zuwa ƙofata da sassafe, wai tun da na san ukun in dafa musu. Ina dafawa. Sabara, marke, bagaruwa, daidai wa daida. Ba na kurɓa a gabansu, sai dai in gaya musu gaskiya: wannan ba zai kashe ka ba, an gwada. Ko zai warkar da kai ban sani ba, don ɓerayen ba su da zawo.